Aikin Hutu da Illolinsa ga Magidanta: Nazari a kan Wata Fada ta Kwali

Aikin hutu shi ne karatu ko rubutun da makarantar firamare take ɗora wa yaro ranar da aka ba da dogon hutu, wanda a Nijeriya yakan fara daga ƙarshen Yuli ya kai cikin Satumba, domin kada abin da aka sha wahala aka cusa masa a zango uku ya zube kafin a dawo. Al'adar tana da ƙarfi a Amurka, inda hutun yake zuwa a lokacin zafi kuma ɗakunan karatu na gwamnati suke shirya wa yara gasar karance-karance, amma makarantun kuɗi na biranen Arewa sun rungume ta, har da abin da ake kira aikin hannu, wato yaro ya karanta littafi sannan ya ƙera wani abu daga cikinsa da kwali da almakashi da gam. Masu tsarin sun manta da abu biyu: a nan hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, kuma takardar da aka rubuta da sunan yaro, in an bi diddigi, jarrabawa ce ga ubansa.

Abin da ya sami wani magidanci a Kano, ma'aikacin gwamnati mai ganin kansa ɗan boko na asali, ya isa hujja. An umarci 'yarsa 'yar aji huɗu ta karanta littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya wallafa a 1937, littafin da aku yake ba ɗan sarki Musa labarai domin ya ɗauke masa hankali daga fita daga fada, sannan ta gina siffar fadar da akun a ciki. Takardar umarnin ta kwana a ƙasan jaka tare da ɓawon gyaɗa har hutu ya kusa ƙarewa, wanda shi ne matakin farko da kowane aikin hutu yake bi, kuma uwargida ce ta tono ta ranar da ta zazzage jakar za ta wanke.

Mataki na biyu shi ne wanda za a iya kira ƙwace, wato lokacin da uba yake karɓe aikin da sunan taimako. Bayan ya sayo littafin a kasuwar Sabon Gari, magidancin ya sanar da iyalinsa cewa shi ba ya bukatar buɗe shi, tunda ya haddace shi tun yana firamare, kuma don ya tabbatar da haka sai ya shiga ba da labarin tsiyatakun Malam Zurƙe. Yarinyar, wadda ta riga ta leƙa shafukan farko, ta ce, “Baba, ni ban ga Malam Zurƙe a nan ba.” Gaskiyarta, domin Malam Zurƙe ɗan Muhamman abokin dabin Alhaji Imam ne a cikin Ruwan Bagaja, littafin da marubucin ya shiga gasar rubutu ta 1933 da shi, amma uban ya amsa da cewa bugun zamani ne yake rage abubuwa, ya kuma hana ta taɓa almakashi don kada ta ji ciwo.

Daga nan aka shiga gini. Magidancin ya roƙo kwalayen taliya a shagon unguwa, ya kuma tuntuɓi wani tsohon magini a majalisarsu, wanda ya gargaɗe shi cewa fada ba ta cika fada ba sai da zaure, da soron sarki, da zankwaye, wato ƙahonnin nan masu tsini da ake ɗora wa kusurwoyin ginin ƙasa. Da gam ɗin kanti ya ƙare tun ba a gama katanga ba, sai aka koma ga kullun rogo dafaffe irin wanda ake sa wa shadda, kuma a nan ne ilimin yanayi ya shigo cikin lamarin, domin watan Agusta lokacin marka ne, wato ruwan da yake yini yana zuba ba tare da rana ta leƙo ba. Kwalin da aka shafe da kullu ya ƙi bushewa, katangu suka yi ciki, zankwaye suka sunkuya, har ya zama dole a tokare soron sarki da tsinken tsire.

Batun aku ya fi na gini wuya. Akun da aka sani a ƙasar Hausa toka-toka ne mai jan wutsiya, saboda haka magidancin ya cusa auduga a tsohuwar safa, ya manna mata gashin zabuwar da aka yanka, ya rina wutsiyar da janbakin uwargida ba da saninta ba, ya sa maɓallan riga biyu a matsayin idanu. Uwargida ta daɗe tana duban halittar kafin ta ce, “Maigida, wannan aku ne ko mujiya?” Ya bayyana mata cewa mai kallon fasaha yana bukatar ya ja da baya kaɗan, ta ja da baya har bakin madafa, ta ce daga can ya fi kama da ungulun da ruwa ya yi wa duka.

Mataki na uku shi ne asara. Ranar da rana ta fito, aka fitar da fadar tsakar gida ta sha iska, aka manta cewa a gidan akwai akuya, dabbar da ko kwali tsurarsa ba ta raina ba, balle wanda aka yi wa miya da rogo. Kafin a idar da sallar la'asar ta cinye zaure, ta shiga soron sarki, tana cikin tauna safar ne aka kama ta. Gyaran ya ci daren jajiberin komawa makaranta, da hasken tocilan waya saboda an ɗauke wuta, kuma da safe aka gano cewa fadar ta fi ƙofar adaidaita sahu faɗi, sai da aka karya zanko biyu aka shigar da ita a karkace, magidancin yana rungume da ita yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali.

Abin da ya kuɓuce wa lura a duk tsawon wannan hidima shi ne halin da yarinyar take ciki. Da yake an kore ta daga wurin gini, ta koma ɗakin kakarta da littafin, tana karanta mata labari ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana katse ta da “Kishiya, koma baya, me wazirin ya ce?” Ta haka ta sauke littafin, ta maimaita wasu labaran, ta koyi inda ake jan murya da inda ake dakatawa a bar mai sauraro ya ƙagu, wanda shi ne ainihin abin da akun yake yi wa Musa, kuma shi ne abin da aikin hutun ya nufa tun farko.

A makaranta malamar ta jera ayyukan a kan tebur, aka ga fadoji masu fenti da tagogin gilashi waɗanda babu mai shakkar cewa kafinta ya sa musu hannu, amma maki mafi yawa ya tafi ga wani yaro da ya zana aku da fensir a bayan kwalin sukari. Yarinyar ta sami nata makin ne a tambayoyin baka, inda sai da aka roƙe ta ta tsaya haka nan. Game da fadar kuwa, malamar ta rubuta hukuncinta da jan biro a ƙasan takardar sakamako, a gurbin da aka tanada don shawara ga iyaye: “Yarinya ta karanta littafi sarai. Mahaifinta yana da ƙoƙari, a riƙa ƙarfafa masa gwiwa, amma a sa shi ya karanta Magana Jari Ce kafin hutu mai zuwa.”