Kwalekwale Ɗaya, Hali Bakwai

A arewacin Senegal, inda kogin Senegal ke dab da faɗawa tekun Atlantika, akwai gandun tsuntsaye na Djoudj, tafiyar kilomita 60 daga birnin Saint-Louis. Fadama ce mai faɗin hekta 16,000, an keɓe ta a 1971, UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren gado na duniya a 1981. Tsuntsun da ya gudo wa sanyin Turai ya ƙetare Sahara, nan ne babban ruwa na farko da yake tararwa, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Afrilu tsuntsayen kan haura miliyan ɗaya. Masu zuwa kallonsu ma iri-iri ne, kuma kwalekwale ɗaya mai inji ke kwasarsu zuwa tsibirin kwasakwasa.

Na farko shi ne Mai Lissafi. Tun asuba ya shirya, littafi a hannu, biro a bayan kunne. Tsuntsu a wurinsa bashi ne: da zarar ya gan shi ya ja layi, an biya, ba ya sake waiwayarsa. Dubban kwasakwasa na gabansa yana hamma, don ya rubuta su tun bara. Abin da ya kawo shi wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, nauyinsa kusan giram 12, mai ƙyanƙyasa a Belarus da Poland da Yukiren, wanda sai a 2007 masana suka gano cewa a yankin Djoudj yake cin hunturu. In bai gan shi ba, ranar ta tafi a banza.

Kusa da shi Mai Kyamara, da bututunsa mai tsawon taɓarya. Bai taɓa ganin tsuntsu da idonsa tsirara ba. Kowa ya yi tari sai ya harare shi, alhali ƙarar injin jirgin ta cika fadama. Kwasakwasa kan jeru su zagaye kifi, su tsoma baki a ruwa lokaci guda, abin sha'awa. A daidai lokacin ne batirinsa ke mutuwa.

Sai Malam Na-Sani. Zalɓe ya gitta, ya ce gauraka ce. Jagora ya gyara masa cikin ladabi, Malam ya ce ai a garinsu haka ake kiransa. To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma shi Malam har kukan ya sauya musu. Idan aka nuna masa hoton a littafi, sai ya ce bugun ya tsufa.

Akwai Mai Tunanin Tukunya. Garken kirinjijiya ya tashi yana fito, kowa na tasbihi, shi kuwa ya haɗiye yawu ya ce, "Waɗannan ana ci kuwa?" Dinya ta wuce, ya auna ta da ido, ya yanke cewa za ta ishi gida mai mutum shida. An gaya masa farauta haramun ce a gandun, ya ce shi tambaya kawai ya yi.

Mai Hoton Kai kuwa ta zo ne tsuntsaye su gan ta. Tun da aka tashi ta juya musu baya, waya a sama, tana gyara ɗankwali. Sai da aka matso tsibirin, warin kashin kwasakwasa ya daki hancinta, sannan murmushin ya gudu. Duk da haka kafin la'asar Facebook ya ji cewa ta shaƙi iskar aljanna.

Na shida shi ne Wanda Aka Janyo. Matarsa ce mai son tsuntsu, shi rakiya ya yi. Tambayarsa biyu ce: akwai sabis a nan, kuma yaushe za a koma Saint-Louis a ci shinkafa da kifi? Da yake ba ya neman komai a sama, shi ke fara hango kada a bakin ruwa, da guza, da gadu yana kiwo a durƙushe. Mai Lissafi ya tsane shi saboda haka.

Na ƙarshe yana zaune a baya, hannu a kan inji. Ɗan ƙauyukan gefen gandun ne, ba shi da madubin hangen nesa, amma daga kuka kaɗai yake faɗin tsuntsu. In ka tambaye shi, zai gaya maka yadda madatsar ruwan Diama, da aka gama a 1986, ta hana ruwan gishiri shigowa, sai ciyawar kacala ta sami wuri tana toshe hanyoyin ruwa. Manoma da masuntan Haɗeja da Nguru sun san wannan ciyawa sarai. Shi ne mafi sani a jirgin, shi ne kuma wanda ba a cika tambaya ba.

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya kai ka Djoudj, ko Dagona ta jihar Yobe inda irin waɗannan baƙin tsuntsaye ke sauka, ka zauna kusa da mai tuƙi, ka sa waya a aljihu, ka rage surutu. Kuɗin jirgi ɗaya kuka biya, amma wanda ya yi shiru ya fi kowa cin riba.