Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Danja

Ranki ya daɗe Hajiya,

Ya tsayuwar rana? Na so in same ki mu yi magana baki da baki, to amma duk lokacin da na tsaya a gabanki sai 'yan adaidaita sahu su cika ni da oda. Shi ya sa na rubuto, ki karanta tsakanin ja da kore, in an kawo wuta.

Ke 'yar babban gida ce, ba mai musu. Kakarki ta kama aiki a gaban majalisar dokokin Landan a watan Disamba na 1868, da iskar gas take haske, ɗan sanda na juya ta da hannu. Ba ta cika wata guda ba ta fashe, ta ji masa ciwo. Mai amfani da lantarki ta bayyana a Kilibilan ta Amurka a 1914, kuma a 1917 aka haɗa danjojin mahaɗa shida wuri guda a birnin Salt Lake domin su riƙa aiki da baki ɗaya. Zumunci ke nan na fiye da shekara ɗari. To ke me ya haɗa ki da ƙanwarki ta mahaɗar gaba, kuke zaman kishiyoyi? Ki ba mu hannu, kafin direba ya sa giya ta uku ita ta tare mu da jan ido.

Sulhun ba shi da wuya, lissafi ne. Idan tsakaninku mita 500 ne, kuma gudun da aka yarda a yi kilomita 50 ne a awa, mota za ta iso gare ta cikin daƙiƙa 36. Sai ku daidaita tsawon zagayenku, ita ta kunna korenta daƙiƙa 36 bayan naki. Mai bin ƙa'ida zai yi ta samun kore a jere, mai gaggawa kuwa ya je ya tarar da ja yana jiransa. Ga sauƙin mai, ga ragin hayaƙi, ga hutun kunne.

Magana ta biyu ta fi ci mini rai. Hajiya, kin san akwai masu tafiya a ƙasa kuwa? Injiniyoyi sun daɗe suna ɗauka cewa mutum yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, wato titi mai faɗin mita 24 yana buƙatar daƙiƙa 20. Wannan tafiyar saurayi ce mai lafiyar gwiwa. Tsohuwa mai sanda da mai goyo riƙe da yaro fa? Amurka ma ta rage wannan ma'auni a 2009 don a ƙara wa masu tsallakawa lokaci. Shi kuwa makaho, ja da korenki duk ɗaya ne a wurinsa. 'Yan'uwanki na wasu ƙasashe suna yin ƙara in lokacin tsallakawa ya yi, a Ingila har da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin akwatin maɓalli da yake juyawa, wanda ba ya gani kuma ba ya ji ya taɓa ya gane. Ke ko tari ba kya yi.

Don Allah ki isar mini da saƙo ga maƙwabcinki, Malam Gefen Titi. An gina shi ne don ƙafa, amma ya ba mai shayi haya, ya saukar da janareto, ya bar lambatu baki buɗe, ga turken lantarki ya kafe a tsakiyarsa. Bakinsa kuma tudu ne, keken guragu ba ya hawa, dole mai shi ya gangara cikin motoci. Ki gaya masa ƙa'idar gangara: kowane santimita ɗaya na tsayi yana son santimita 12 na tsawo, saboda haka baki mai santimita 15 yana buƙatar gangarar mita 1.8. Ki kuma ba shi labarin Seiichi Miyake na Japan, wanda aka fara shimfiɗa tubalansa masu ƙuraje a Okayama a 1967. Masu layi-layi na ce wa sandar makaho ci gaba, masu ɗigo-ɗigo na cewa dakata, akwai haɗari.

Na san za ki ce ba ke kika dasa kanki ba, kuma rabin masu wucewa ba sa ganin girmanki. Gaskiyarki. Amma ki tuna wa iyayen gidanki cewa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019, ta ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kafin su buɗe sabon titi, su sa babban injiniya a keken guragu ya tsallaka shi da kansa, sannan a yanka kirtani.

Ki huta lafiya.

Naki,
Mai tafiya a ƙasa