Yadda za ka kashe babur ɗinka kafin kaka

Akwai wani bakanike da nake kai wa babur a Gummi. Wata rana yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti, sai ya ce min: "Malam, babur bai mutuwa da kainai, sai an taimaka mai." Na daɗe ina juya wannan magana, har na lura cewa mutanen yankinmu, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, Allah ya yi su da son taimako. Tsari ne kawai babu. Wani sai ya shekara huɗu yana fama da Boxer guda bai kai shi ƙasa ba, maƙwabcinsa kuwa ya saya da bazara ya gama da shi kafin a yanke gero. Shi ya sa na ga ya kamata a tattara ilimin wuri guda, kowa ya amfana.

A fara da baƙin mai, don nan ne ran babur yake. Ranar da ka sayi sabo za a haɗa maka da wani ɗan littafi. Ka ba mai ƙosai ta yi ƙunshi da shi. A ciki ne Indiyawan da suka ƙera Bajaj suke cewa a yi wa sabon inji juye bayan ya ɗan yi tafiyar farko, wajen kilomita 500, wai saboda ƙarafan ciki suna goge juna suna zubar da gari a cikin man. 'Yan kabu-kabu masu tsoron asara ma sukan yi juye duk mako ko mako biyu. Kai ba ruwanka da wannan almubazzaranci. Injin kusan lita guda yake ci, in ya ragu ka yi ciko, in ya sake raguwa ka sake ciko, tsohon yana ƙasa yana kauri kamar miyar kuka ta kwana. Wayar da ke juya agogon kilomita za ta tsinke tun a watan farko, ka bar ta haka, sai ka samu hujja: wa ya san nisan da aka yi? Man cikon kuma ka saye shi a bakin hanya cikin kwalbar da ba ta da suna, ba ta da uba. In ka zaro ma'auni ka murza man tsakanin yatsu biyu ka ji kamar an zuba yashi a kwalli, to ka kusa.

Salansa za ta fara ba ka labari. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin ringi ya ci, injin yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Duk wanda ya yi maka magana ka tuna masa da tsohon Jincheng na iyayenmu, wanda in ya wuce sai sauro ya bar unguwa. Kada ka yarda a gaya maka cewa wancan injin dama an yi shi ne ya ƙona mai tare da fetur, naka kuwa ba haka aka yi shi ba. Hayaƙi hayaƙi ne.

Sai soson iska, wanda ke tace ƙura kafin ta shiga kafireta. Duk wanda ya bi hanyar Anka zuwa Bagega a tsakiyar hunturu ya san yadda mutum ke sauka da gira fara kamar ya kwana a injin niƙa. Abin da ya hau girarka shi injin yake shaƙa. Masu son babur ya daɗe sukan cire soson su wanke da kananzir, ya bushe, su ɗan shafa masa mai su mayar. Wahala ke nan. Cire shi gaba ɗaya ka jefar, ka ce yana shaƙe wa injin wuya. Mako na farko za ka ji babur yana amsa totur kamar doki ya ga sukuwa. Ƙurar kuma tana ciki tana yi wa fistan aikin da dutsen wasa ke yi wa wuƙa.

Ina son kallon bakanikena in ya zo kan fulogi, don a nan yake zama likita. Sai ya kwance shi da sufana, ya ɗaga sama wajen haske, ya runtse ido guda, ya daɗe yana kallo kamar mai duba harshen majinyaci. In bakin ya yi launin ƙasa-ƙasa, sai ya mayar bai ce komai ba. In ya yi baƙi da kunkunniya, ya san fetur ya rinjayi iska. In ya jiƙe da mai, sai ya dube ka da tausayi, don maganar ta koma ta garambawul. In ya yi fari fat, injin yana zafi fiye da kima. Daga nan ya kankare da waya, ya hura, ya jingina shi jikin injin, ya ce da yaronsa, "Buga kik." Tartsatsi shuɗi ya fito, tas-tas. Ranar da ya duba nawa, ɗagowa ya yi ya ce: "Malam, mi kaka ba wanga bawan Allah yana sha?" Shawarata a nan gajeriya ce: kada ka bari kowa ya kwance maka fulogi. Abin da ba a duba ba, ba ciwo ba ne.

Abin da nake ba shi kuwa, abin da kowa ke ba nasa ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, cika tanki ya zama aikin masu sarauta. Mu sauran rabin kwalba muke saye wurin 'yan bumburutu, wani lokaci da ɗan kananzir ko ruwa a ciki kyauta. Ka zauna a kan rizab kullum, domin duk dattin da ya kwanta a gindin tanki ya samu hanyar zuwa kafireta. In ya mutu, ka kwantar da babur gefe guda, ka girgiza, ka buɗe tanki ka sa baki ka hura. Zai kai ka wata bishiyar.

Yanzu ga kayan ado da kamfani ke liƙawa don ya ƙara kuɗi. Madubi na matsorata ne, namiji gabansa yake kallo, ka kwance ka kai wa uwargida. Birkin gaba, kowa ya san shi ke kayar da mutum, ka sassauta shi har ya zama ado, duk da cewa a busasshiyar kwalta shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Amma babban abin cirewa shi ne murfin sarƙa. Wai yana ƙara. Gaskiya ne yana ƙara, musamman in sarƙar ta saki tana dukansa, tana neman a ɗaure ta. Masana suna cewa in ka sa yatsa a tsakiyarta ka ɗaga, wasan kada ya wuce faɗin yatsa biyu, kuma a riƙa ɗiga mata mai. Cire murfin ya fi sauƙi, ƙarar ta tafi, yashi ya samu ƙofa. In sarƙar ta gaji, ka sayi sabuwa ka ɗora ta a kan tsofaffin haƙoran da suka yi tsini kamar ƙayar aduwa. Bakanike zai ce a canza su tare, gaba da baya. Kuɗinka yake so. Cikin 'yan makonni tsohon zai cinye sabuwar, su koma sa'o'in juna.

Wannan fanni ina da shaida a kansa. Wata Asabar na ci ado zan je ɗaurin aure wajen Nasarawar Burkullu, babbar riga ta shadda, an buga ta tana ƙyalli, hula a karkace. Ban tattara rigar na zauna a kanta ba, don kada ta yamutse. Ina cikin tafiya iska tana kaɗa ni kamar tuta, sai na ji an shaƙe ni ta baya, kamar wanda ke bina bashi ya riske ni. Sarƙa ce ta kama gefen rigar ta naɗe. Allah ya sa a hankali nake, na faɗi cikin gonar wani, babur a kaina. Wasu yara biyu masu kiwo ne suka zo suka yanke ni daga jikin babur ɗina da wuƙa. Ƙaramin ya ce, "Baba, sannu," babban kuwa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na isa wurin ɗaurin aure bayan an shafa fatiha, da riga mai hannu ɗaya. Ni na tsira da kunya. Matan da ake goyawa da dogon hijabi ko zani yana lilo kusa da wili, su abin ba ya tsayawa a kunya, don haka in ka ɗauki iyali ka tsaya ta tattara kayanta tukuna. Wannan ba ya cikin raha.

Kayan gyara kuma, yawancinsu ta kasuwar Nkwo da ke Nnewi a jihar Anambra ko ta Kano suke biyowa kafin su iso shagunan Gusau da namu, kuma kowanne sunansa orijina. In ka tambayi mai shago zai ce, "Alhaji, orijina na nawa kaka so?" Akwai orijina na gaske, akwai ƙaninsa, akwai wanda suka haɗu a mota. Ɗauki na ukun. Kwalinsa ya fi kyau.

Lodi ba ya buƙatar dogon bayani, mun riga duniya. Buhu biyu a kariya, ɗaya a kan tanki, akuya a gaba, kawu a can ƙarshe yana riƙe da kaji. Sifok zai riƙa tsinkewa ɗaya-ɗaya, kada ka maye, ai da saura. Taya in ta yi sanƙo ta fi sulɓi. Tif ɗin ciki kuwa, kafin faci ya kai goma sha biyu bai san duniya ba.

Da damina sai a koma makarantar ruwa. Mutanen Gummi, da suka ga ambaliyar Agustan 2024, ba sai an koya musu ƙarfin gulbi ba, amma har yanzu akwai mai ganin rafi ya kawo ya ce Boxer zai iya. Shiga da gudu. In ruwa ya kai wurin shan iska injin ya mutu, ka hau kik da dukkan nauyinka. Fistan iska yake matsawa, ruwa ba ya matsuwa, don haka wani ƙarfe a ciki zai lanƙwashe ya ba shi hanya. Mai hankali fulogi yake cirewa, ya zubar da ruwan, ya duba baƙin mai, in ya ga ya koma fari-fari kamar kunu ya yi juye nan take. Ko ka tsallake lafiya, birkin da ya jiƙe ba ya kamawa sai an ɗan tattaka shi a hankali ya bushe. Kai ka bari sai ka zo kan jakin wani ka gwada. Taɓon da ya manne wa haƙarƙarin injin ma ka bar shi, ta nan iska ke sanyaya shi, ga shi ka yi masa bargo.

Wanka ɗaya ne zan roƙe ka ka yi, kuma ba a tsakar gida ba. In kana jigilar buhunan dutse daga wuraren haƙar zinare, ƙurar da ke jikin babur da rigarka tana iya ɗauke da dalma. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega tun daga 2010 ba a manta ba. Ka kakkaɓe, ka wanke can nesa da inda yara ke rarrafe.

Suturar hawa: silifas ya wadatar, yatsun ƙafa goma ne, Allah ya yi su da yawa. Tabarau na 'yan gayu ne, ƙwaron da zai faɗa maka ido da magariba rabonsa ne. Hular kwano kuwa tarihi ya riga ya yi mana maganinta. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairun 2009, 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaura igiya, labarin har ya kai gidajen rediyon Turai. Ƙwarya ba ta da nauyi, ba ta sa gumi, in ka isa kuma ka sha fura da ita. Bambancinta da ta gaske ɗaya ne tak, kuma kwalta ce kaɗai ke iya nuna maka shi. In ma ka sayi ta gasken, rataye ta a hannun babur, ko ka sa ba ka ɗaure igiyar haɓa ba, don ta riga ka sauka.

To, ga inda shawarwarina suke ɗan cin karo da zamani. A da in babur ya mutu maka tsakanin Anka da Daki Takwas, sai ka tura zuwa inuwa ka jira mai wucewa. Yanzu dajin yana da masu shi, kuma sun fi mu sanin darajar babur: har cikin kuɗin fansa suke sa shi, Honda ɗin da suka fi so ma jama'a sun laƙaba mata suna Boko Haram. A Oktoban 2022 gwamnati ta rufe ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi gaba ɗaya na wani lokaci saboda hare-hare. A Yulin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a dokar hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ga shingayen sojoji da na Askarawa, inda rasit da lamba suke da amfanin da ba su taɓa yi ba, don haka kada ka haɗa su da littafin nan da ka ba mai ƙosai. Babur ɗin da ka hana baƙin mai shi ne zai ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti, shi ne kuma za ka buga wa kik ranar da aka ce ga su nan tafe. A irin wannan rana ba a son jin labarin kafireta.

Ni dai gobe da sassafe zan kai nawa juye, in sa a mayar da murfin sarƙa, in kuma roƙi uwargida ta dawo min da madubi. Kai ka ci gaba da bin shawarwarin nan yadda na tsara su, amma kada ka ce in raka ka Bagega bayan la'asar.