Cigiyar Buladi Ful

Jama'a, ana cigiya. An nemi wani dattijo mai suna Buladi Ful sama ko ƙasa an rasa. Ya saba fitowa daga bakin hedimasta da sassafe, daidai lokacin da 'yan makara ke raɓe-raɓe a bayan aji. Tare da shi aka rasa ƙannensa Sili Boi da Ninkamfuf, da wani baffansu mai sanyin hali, Joli Gud. Duk wanda ya ji ɗuriyarsu tsakanin Kuki, Dutsin-Ma da Kurfi, ya taimaka ya sanar da majalisar 'yan fansho mafi kusa.

Baƙi ne, amma sun daɗe a ƙasar nan. Tun da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa suka goge harshe, Turancin Ingila yake gangarowa daga malami zuwa ɗalibi, ɗalibin ya zama malami ya miƙa wa na ƙasa. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya watsa malamai ƙauyuka, kayan suka iso har Kuki, sai dai sun sha hannu kamar kwancen da ya zaga gida biyar.

Ka tuno malamin wancan zamani. Kuɗin ƙarin albashin Udoji sun faɗo, ya sayi Vespa, ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa da ke share masa hanya kyauta, ya tara suma ya soke mata matsefi. Ba ya rufe zance sai da "yu si", ko da kuwa da makaho yake magana. In ya ce maka "mai firen", to fara neman hanyar gudu, don ba a taɓa faɗa wa aboki wannan kalma ba, sai wanda ake shirin kwaɗa wa mari. A ajinsa kuwa Hausa sunanta "banakula", monita na riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda ya kuskura ya yi yaren uwarsa, alhali shi kansa malamin da Hausa yake ciniki, da ita yake neman aure, da ita yake mafarki.

Babban amfanin wannan Turanci shi ne zagi ba shari'a. Ka ce wa magidanci jaki, kafin la'asar kuna gaban mai unguwa, dangi sun taru. Amma ka daka masa "buladi ful", sai ya koma gida yana washe baki, ya shaida wa iyalinsa cewa yau Malam ya yi masa Turanci a bainar jama'a. Ni a ganina ba a yi wa waɗannan kalmomi adalci ba. Sun kashe rigima fiye da wasu alƙalan.

Abin lura, 'yan'uwansu da suka sauke girman kai suka sa 'yar shara suna nan daram. An daina kashe sisi tun zuwan naira a 1973, amma har gobe mai bashinka zai rantse ba shi da ko sisi. Gaye ya auri Hausa har ya haifi gayu. Cali, kaboyi da bosi sun fito daga silima sun zauna. Masu ɗaure wuya da laktaye ne kawai suka bi iyayen gidansu ritaya.

Yanzu sai ka je gindin bedi da hantsi ka ga sauran. Tsofaffi biyu sun haɗu, kowa da sanda da katin asibiti. "Ai se, ol boi!" in ji ɗaya. "Ranka ya daɗe, sitil alayib!" in ji ɗayan. Daga nan Turanci ya ƙare, a koma Hausa a yi zancen fansho da ciwon gwiwa, sai kuma a dira kan yaran zamani da suka lalata harshen Sarauniya. Laifin, wai, na jami'ar tarayya ce da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, da ta tara ɗalibai daga ko'ina. Har kalmarmu ta wahala ta je kudu yawon duniya ta dawo da "no" a goshi, muna karɓarta hannu biyu kamar baƙuwa. Jika ya shigo da waya a kunne ya ce, "Hau fa, Tsoho?" Kakan ya harare shi: "In hau me, ja'iri? Da wace gwiwar?"

Su ma masu yi wa tsofaffin dariya su bi a hankali. Samarin da suka kwana a 2go suna rubuta "xup" yanzu magidanta ne masu tumbi da kuɗin makaranta a wuya. Kwanan baya na ji ɗayansu a shagon caji yana huci, wai yaran TikTok sun ɓata Turanci, shi ba ya ma gane me suke faɗa. Mai shagon, wanda bai wuce sha tara ba, ya miƙa masa wayarsa da ladabi ya ce, "Ga ta, Baba."