Mu da Zaɓen Magajin Garin New York

Mu Hausawan da ke zaune a Bronx da Harlem, in zaɓe ya ƙarato, bakinmu ba ya hutawa. Ɗan Kumasi ne, ɗan Maraɗi ne, ɗan Kano ne, kowa da ɗan takararsa, kowa da hujjarsa. A ƙofar masallaci bayan Juma'a ake fara hirar, a ɗora a shagon kitso, a kai ta layin masu tasi a filin jirgi, da daddare kuma a ƙarasa a WhatsApp. Amma tun da muka zo ƙasar nan, ba mu taɓa yin hirar da ta kai ta zaɓen magajin gari na 2025 daɗi ba.

Dalilin a bayyane yake. Ɗan takara Zohran Mamdani Musulmi ne, a Kampala ta Yuganda aka haife shi a 1991, yana ɗan shekara 7 iyayensa suka kawo shi New York, kuma sai a 2018 ya zama ɗan ƙasa. Wato layin da muke bi a ofishin shige da fice shi ma ya bi. Da ya kayar da tsohon gwamna Andrew Cuomo a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat ranar 24 ga Yuni, kalma ɗaya ce ta zagaye unguwa: "Namu ne!"

To amma in ka zauna ka saurara da kyau, za ka ji kowa da abin da ya ja shi. Alhaji mai tasi zai ce maka, "Kai yaro, ni ba suna na bi ba. Lokacin da bashin lambar tasi ya shaƙe mu a 2021, wa ya zauna da direbobi a gaban fadar magajin gari yana yajin cin abinci har kwana 15? Bayan nan ne aka zaftare wa mutane bashi ya dawo dala 170,000. Wanda ya ji yunwa saboda ni, ba na manta shi."

Hajiya mai kitso kuwa nata lissafin daban ne. "Alhaji, ku maza tasi kawai kuka sani. Ni kuɗin haya ne ya hana ni barci, sai kuɗin raino. Rabin abin da na samu a mako yana tafiya wajen mai riƙe mini yara. Mutumin nan ya ce zai hana ƙarin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade wa farashi, ya ce raino zai zama kyauta daga jariri ɗan mako 6 har ɗan shekara 5, ya ce bas ma kyauta. Ko rabi ya cika, ai mun sha iska."

Akwai kuma dattawanmu da suka tsaya kan Cuomo. Su cewa suke yi birni mai mutum sama da miliyan 8 ba na koyo ba ne, gara wanda ya shekara 10 yana gwamna. An yi musu har murya ta tashi, aka kira La'asar, aka shiga sahu ɗaya. Wannan halin namu ina son shi, kuma ina fata ba za mu rabu da shi ba.

Inda hirar kan yi sanyi shi ne in wata 'yarmu haifaffiyar nan ta sa baki. Cikin ladabi za ta ce, "Baba, duk wannan maganar, kun yi rajista kuwa?" Sai ka ga an fara gyaran hula. Wani ya shekara 20 da fasfo ɗin Amurka bai taɓa shiga rumfar zaɓe ba. Wani ya yi rajista amma bai rubuta jam'iyya ba, alhali a jihar New York sai ɗan jam'iyya ne ke jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani, kuma a birnin nan sau da yawa a can ake gama magana. Wata kuma takardar ce ta ruɗe ta, don a fidda gwani mutum zai iya jera 'yan takara har 5, daga wanda ya fi so zuwa na ƙasa. Masu katin zama kaɗai su ba laifinsu ba ne: dokar da majalisar birni ta yi don ba su damar zaɓen magajin gari, kotun ƙoli ta jihar ta soke ta a Maris 2025.

Duk da haka, a babban zaɓe na 4 ga Nuwamba an motsa. Mun ga matasanmu suna bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna yi wa iyaye bayani da Hausa. Mun ga masu tasi suna ɗaukar tsofaffi zuwa rumfa ba ko sisi. Sama da mutum miliyan 2 suka fito, abin da rabon a gani tun 1969. Mamdani ya samu sama da rabin ƙuri'un kaɗan, kuma Bronx, wadda Cuomo ya ci a watan Yuni, ta juyo ga Mamdani. Ranar 1 ga Janairu 2026 aka rantsar da shi da Alƙur'ani, Musulmi na farko a kujerar, yana da shekara 34. Daren nan wayoyi ba su huta ba, 'yan uwa daga Accra da Yamai da Kano suna ta yi mana barka.

Barka ta yi, amma ga maganar da Malam liman ya sha faɗa mana: ranar zaɓe shuka ce kawai, noman yana gaba. Kuɗin hayar da Hajiya ke kuka da shi, wani kwamiti ne mai mutum 9 ke yanke ƙarinsa duk shekara a watan Yuni. Magajin gari ne ke naɗa su, kuma kafin su yanke sukan buɗe zaure kowa ya zo ya faɗi halin da yake ciki. Mu nawa muka taɓa zuwa? Bas ɗin da muke jira ya zama kyauta, hukumar MTA ce ke tafiyar da shi, ita kuwa ragamarta tana hannun gwamnan jiha. Ƙarin harajin da za a ɗora wa masu kuɗi don biyan raino ma sai majalisar jiha da ke Albany ta amince. Kasafin kuɗin birni da ya haura dala biliyan 110 kuma sai ya bi ta hannun kansiloli 51, ɗaya daga cikinsu na unguwarka ne. Ka san sunansa?

Abin da ke ƙarfafa mini guiwa shi ne mu mutane ne masu iya haɗa kai. In aka yi rasuwa, kafin gari ya waye an tara kuɗin jana'iza. In suna ne ko biki, zaure ba ya ɗaukar mu. Adashin matanmu ya biya kuɗin makarantar yara da yawa. Wannan zumuncin shi ya kamata mu kai wa harkar birni, domin ɗumamar ɗaki a lokacin sanyi da gyaran gidajen haya ba ƙaramin abu ba ne. Gobarar Twin Parks ta Janairu 2022 ta ci rai 17 a nan Bronx, akasarinsu 'yan uwanmu 'yan Gambiya.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, ƙanne da 'ya'ya, mai fasfo ya je ya yi rajista, ya rubuta jam'iyyar da yake so. Mai katin zama da ya cika sharaɗi ya nemi zama ɗan ƙasa, kafin nan kuma ya riƙa halartar taron unguwa, don shi ba a tambayar takarda a ƙofa. Kowane masallaci ya ware matasa biyu masu bin diddigin alkawuran da aka yi mana, su riƙa yi mana bayani bayan Juma'a. In magajin gari ya cika mu gode masa, in ya saɓa mu faɗa masa a fili, ko da namu ne. Allah Ya ba shi ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tambaya.