Gidan Haya a Cikin Gilashi

Gasa ce ta kai ni sayen akwatin kifi, gara in faɗa da bakina tun kafin uwargida ta tona. Na je yawon sallah gidan wani abokina da muka yi firamare tare, mutumin da sai da na riƙa tura masa amsar lissafi ta ƙarƙashin benci kafin ya fita aji shida, sai na tarar da akwatin gilashi girke a falonsa. Ruwa na ɓulɓula, shuɗiyar fitila na haskawa, kifaye na ta kai-komo kamar 'yan siyasa a daren fid da gwani. Ya gyara zaman hula ya ce wai kallonsu na saukar da hawan jini. Na ce masha Allahu, na ci cincin, na fito. Kafin in kai gida nawa jinin ya hau. Halinmu ne, in maƙwabci ya ɗaure ɗan akuya, mu sai mun ɗaure rago ko da za a kwana da bashi.

Mako bai zagayo ba sai ga ni a shagon mai kifin ado. Yana ganin makullin mota a hannuna ya naɗa ni Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba. "Alhaji, babban mutum irinka ai sai loci." Bature na rubuta sunan loach. Dangin kifaye ne da suka fi yawa a kogunan Asiya, masu zama a ƙasan ruwa, da ɗan gashin baki irin na tarwada wanda suke laluben abinci da shi cikin yashi. Ya nuna mini wani mai launin ruwan lemo, da baƙaƙen ɗamara uku da jajayen fukafukai, kamar ɗan sarkin da aka shirya wa hawan daushe. Daga kogunan tsibiran Sumatra da Borneo na Indunusiya ake kawo shi, kuma tun 1852 wani likitan sojan Holan mai suna Pieter Bleeker ya shigar da shi littafin masana. Turawa sun laƙaba masa sunan mai ba mutane dariya a dandali, don haka a gidanmu ɗan kama muke ce masa.

Ya nuna mini wani mai zane-zane, ya ce sunansa yoyo. Na ce a'a malam, mutumin da zai girke ruwa lita 60 a kan kafet ba ya shiga gida da abin da ake kira yoyo. Ya yi dariya ya ce zanen jikinsa ne ke kama da baƙaƙen Y da O a jere, kuma ɗan kogunan Indiya da Nepal ne. Na ɗauki ɗaya. Na ƙara da wani ɗan mitsitsi ɗan Tailan, mai baƙin layi tun daga hanci har gadon baya, don shi ya fi araha. Uwargida kuma ta zaɓi wani mai doguwar wutsiya da ke jan ta a ruwa kamar mayafi, ta raɗa masa suna Amarya.

Da za a ɗaure leda, mai shago ya ce, "Alhaji, ɗan kama fa ba a sayen biyu. Biyar ko shida ake haɗawa." Na yi murmushin wanda ya san kasuwa. Mu da muka taso muna taya kaya da rabin kuɗi, wa zai yi mana wayon 'yan tebur? Na ce biyu sun isa, ai ba ƙungiyar ƙwallo zan kafa ba.

Kwana uku ana cin amarci. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, uwargida ta taɓa ni. "Baban Abba, tashi, ana taɓa ƙofa." Na kasa kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ɗauki taɓarya, ta ɗauki tocilan, ta sa ni gaba saboda girmamawa. Ƙofa lafiya lau. Ashe ƙarar daga akwati take fitowa, don loci na yin ta in abinci ya yi masa daɗi ko in ransa ya ɓaci, kuma a wannan daren ba a ba kowa abinci ba. Muka haska. 'Yan kaman nan biyu sun koɗe, baƙar ɗamarar ta koma ruwan toka, ruwan lemon ya dushe kamar atamfar da ta sha wanki. Sun haɗa baki da baki suna ture juna, su rabu, su jera kafaɗa da kafaɗa suna kaɗa jiki, su sake komawa. Ƙarƙashin idon kowannensu akwai wata ƙaya da ke kwance a ɓoye cikin fata, sai an fusata take miƙewa kamar wuƙar aljihu. Duk wanda kurungu ya taɓa soka a bakin kogi ya san irin dangin da na kwaso.

Da gari ya waye muka tarar mayafin Amarya ya zama tsumman goge-goge. Muka zargi manya. Sai da Abba ya yi gadin awa guda ya kama mai laifi, ashe ɗan mitsitsin nan ne na araha, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya laɓe bayan dutse, in Amarya ta gifta ya fito ya yagi wutsiya ya koma kamar ba shi ba. A ranar na yarda araha ba ta ado.

Daga nan gidana ya zama asibiti, kowa likita. Uwargida ta ce kishi ne, ita ta san shi ko a cikin ruwa ta gan shi. Hajiya mahaifiyata, wadda har yau ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai wannan, baki ne. Kowa ya shigo sai ya yaba, ba mai cewa tubarkalla." Ta sa aka turara falo har muka fita tsakar gida muna tari, kifaye kuwa ko a jikinsu. Maƙwabcina, wanda babu kwamitin unguwa da ba ya ciki, ya tsaya ya harɗe hannu a baya ya ce zo mu zauna zo mu saɓa, a ba su lokaci, in abin ya ci tura a zauna a duba. Ƙanin uwargida ya leƙa ya ce, "Yaya, ni shawarata gajera ce, mai da yaji." Duk baƙon da ya shigo kuwa tambayarsa biyu ce, nawa ka saya, kuma yaushe za su isa ci. In na faɗi kuɗin sai ya yi shiru yana lissafa tarwada nawa zai samu da su.

Ni kuma na ɗauki maganin da muka gada kaka da kakanni. Kullum da safe in tsaya gaban gilashi, in ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in ce, "Haba, ku yi haƙuri mana." Daga baya na ji cewa ƙwanƙwasa gilashi firgita kifi yake yi. Wato wa'azin nawa ma ƙara wutar yake.

Ranar wata Asabar sai ƙaramin ɗan kama ya kwanta a gefe guda a ƙasan akwati, ko motsi babu. Yara suka fashe da kuka. Abba, da yake ɗan zamani ne, bai tsaya tambaya ba ya shiga zauren dangi na WhatsApp ya rubuta, "Mun yi rashi a gidanmu." Bai ce wa ba, kuma ba wanda ya tambaya. Cikin minti goma an cika zauren da addu'a, wata gwaggo ta tura wa zaure uku, wani kawu ya kira yana tambayar ƙarfe nawa za a fita, wani kuma da ke bina bashi ya kira don ya tabbatar ba ni ba ne. Ina tsakiyar rantsuwa a waya cewa ina raye, uwargida ta zuba abinci a akwati. Mamaci ya miƙe ya riga kowa isa. Ashe haka ɗan kama ke barci, a kishingiɗe kamar gawa, kuma duk mai kiwonsa sai ya sha wannan firgicin sau ɗaya. Har yau akwai dangin da labarin tashinsa bai kai musu ba, don gyara ba ya gudu kamar yadda ƙarya ke yi.

Wanda ya cece ni wani tsohon malamin kimiyya ne da ya daɗe yana kiwon kifi a gidansa. Ya zo ya zauna gaban akwatin ya fi rabin awa bai ce uffan ba. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, kifinka lafiyarsu ƙalau. Mai gidan hayar ne ba shi da kirki."

Ya yi mini dalla-dalla. Ɗan kama ɗan gandu ne, a garke yake rayuwa, kuma a garken akwai babba akwai ƙarami. Koɗewar launi da ture-turen nan hanyarsu ce ta tantance wa ke gaba da wa. In su biyu ne, mai ƙarfi ba shi da abokin faɗa sai guda, kullum shi zai dinga jibga har ya rame ya daina fitowa cin abinci. In sun kai shida, fushin sai ya rarrabu, kowa ya sami ɗan rabonsa ya wuce. Ya ce sau da yawa wadda ke zama shugabar garken mace ce, mafi girman jiki. Uwargida da ke bayan labule ta yi gyaran murya.

Sai maganar ɗaki. Kifi biyar na zuba, maɓoya ɗaya na ajiye. Ya ce maɓoya ta fi yawan kifi, ko da guntayen bututun famfo ne da fasassun tukwane da itacen da aka tanada don akwati, a jera su yadda wanda aka kora zai sha kwana ya ɓace wa mai korarsa, don kifi in ya daina ganin abokin gaba yakan manta da shi. Abinci kuma kada a zuba wuri guda, mai ƙarfi zai zauna a kai kamar an ba shi kwangila. A watsa mai nutsewa a kusurwa biyu ko uku, a ƙara wani bayan an kashe fitila saboda masu kunya. A sa yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi da ke cinye musu gashin baki. In za a kawo baƙo, a fara ware shi a wani akwati na 'yan makonni, ranar tarewa kuma a sauya wa duwatsu da tukwane wuri, a kashe fitila, yadda kowa zai tashi baƙo, babu mai cewa nan gadon ubansa ne. A canza kamar rubu'in ruwan duk mako. A riƙe ɗuminsa tsakanin digiri 25 da 30, musamman da hunturu, don sanyi da tashin hankali ne ke jawo musu ciwon fararen ɗigo, kuma fatarsu ba ta jure magani mai ƙarfi. A rufe akwati da murfi, don wanda aka matsa wa yakan yi tsalle ya faɗo kan kafet.

Na ce to ɗan Tailan fa? Ya ce wannan a mayar da shi inda aka samo shi. Irinsa sai cikin 'yan uwansa masu yawa, kuma ba a haɗa shi da mai doguwar wutsiya ko mai sanyin jiki. Akwai zaman da ba ya gyaruwa sai an raba gida. Sannan ya kawo wadda ta fi zafi. Ɗan kaman da na saya kamar ɗan yatsa yana iya kai santimita 30, yana iya wuce shekara 20 a duniya, kuma garkensu na neman akwatin da ya haura lita 400. Nawa mai lita 60 ɗakin gwauro ne na tara iyali a ciki.

Yana magana ina tuna gidan hayar da na zauna kafin in yi aure. Ɗaki 11, bayi ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kullum da asuba akwai shari'a a bakin bayi, kullum da hantsi akwai dambe a bakin famfo. An ce matar ɗaki na uku masifaffiya ce, an ce ta ɗaki na bakwai an yi mata asiri, an kira mai unguwa ya fi a ƙirga. Mai gidan kuwa duk ƙarshen wata zai zo da babbar riga, ya karɓi kuɗinsa, ya tara mu ya yi mana nasiha a kan haƙuri da haƙƙin maƙwabtaka, ya shiga mota ya koma gidansa mai bayi a kowane ɗaki. Shekara huɗu na yi a gidan, ban taɓa jin wanda ya ce a haƙa bayi na biyu ba. Mu mutane ne da za mu kwana muna binciken halin mutum da asalin kakarsa, amma ba za mu ɗauki awo mu auna ɗakin da muka cusa shi ba. Haka muke cusa yara fiye da ɗari a aji mu ce ba su da tarbiyya, mu cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku mu ce fasinja ba su da haƙuri.

Na mayar da ɗan Tailan, mai shago ya karɓa yana murmushi, wannan karon Malam ya kira ni. Na sayar da tsohon babur na sayi babban akwati da ƙarin 'yan kama huɗu da 'yan uwan yoyo. Yanzu ana ɗan koɗewa jefi-jefi, ana ɗan ƙas-ƙas, amma da yamma sai ka tarar da su shida sun cusu cikin tukunya guda sun bar sauran fanko, wani kan wani kamar 'yan biki, tunda yanzu da son ransu suka shiga. Mayafin Amarya ya toho. Abokina na firamare kuwa da na koma gidansa na tarar akwatinsa babu ruwa, an jera kofunan kayan ɗaki a ciki. Ya ce kifin ne ba su da albarka.

Saboda haka mai karatu, in rigima ta ƙi ƙarewa a gidanka, ko na gilashi ko na siminti, kafin ka kira mai unguwa ko ka sayi turare, fara ƙirga kawuna, ka ƙirga ɗakuna, ka ƙirga kwanukan abinci. In lissafin bai fita ba, ka ajiye wa'azin haƙuri ka nemo magini.