Ci Gaba a Shafin Farko

A jaridar gwamnati ƙasa ba ta taɓa ja da baya. Kullum ana aza harsashi, ana ƙaddamar da abin da aka ƙaddamar bara. Rijiyar burtsatse ɗaya takan fito sau uku: ran da aka yi alkawari, ran da aka ba da kwangila, da ran da Mai Girma ya kurɓi ruwanta a gaban masu hoto. Ran da ta ƙafe kuwa babu fili, saƙonnin taya murna sun cinye shafin.

Mu ma a Kano mun ga namu. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa jaridar Triumph a 1980, ga Albishir da boko, ga Alfijir da ajami. An yi gwanayen alƙalami a Gidan Sa'adu Zungur, hedkwatar jaridun, sai dai mai biyan albashi ba ya son ganin ramin titi a shafin farko. A 2012 gwamnati ta garƙame gidan, babban labari kuma ya rasa mai buga shi.

'Yan Kasuwar Singa suna da tasu jaridar: farashin buhun sukari, katan ɗin taliya da jarkar mai. Tana fitowa kowace safiya, ba ta da edita, ba ta karɓar talla. In yaron shago ya karanto cewa tattalin arziki ya bunƙasa, sai Alhaji ya ce, "Madalla, yaro. Je ka shaida wa buhun shinkafa, shi bai ji ba."